Yadda Ake Bin Sawun Kalmar "Understand" a Tsofaffin Jaridun Turanci

Duk wanda ya zauna a ajin boko ya san kalmar "understand" tun yana firamare, domin da ita malami yake rufe darasi idan yana son ya ji ko an gane. Wannan sabo shi ne yake yaudarar mai bincike ranar da ya buɗe tsohuwar jaridar Turanci ya tarar da labari ya soma da "We understand that", sai ya rubuta "mun fahimci cewa" ya wuce, bai ko tsaya ba. A bakin 'yan jaridar Ingila na ƙarni na 19 da farkon na 20, da takwarorinsu na Legas da suka ɗauki salon, wannan aikatau yana nufin cewa wani wanda ya sani ya gaya wa jaridar, jaridar ta yarda da shi, amma ba za ta faɗi sunansa ba, kuma hukuma ba ta riga ta sanar ba. Kalma ce ta awon nauyin labari, kuma wanda bai iya karanta awon ba zai riƙa mayar da zato ya zama tabbas, ko ya mayar da sahihin labari ya zama zancen kasuwa.

Na taɓa duba daftarin wani ɗalibin tarihi da ya ci karo da irin wannan jumla a wata jaridar zamanin mulkin mallaka, game da shirin ɗauke wani jami'i daga lardinsa. Ya fassara ta da "mun fahimci", sannan ya gina sakin layi guda a kan cewa jaridar ta nuna goyon baya ga matakin, tunda a Hausa wanda ya ce ya fahimce ka ya kusa ba ka uzuri. Jaridar kuwa ba ta faɗi ra'ayi ko ɗaya ba, labari kawai ta tsinto kafin a sanar. Matakan da ke biye su ne hanyar da nake bi don kauce wa irin wannan, kuma za su yi aiki ga kowane aikatau na yau da kullum da aikin jarida ya ba shi wata ma'ana ta daban.

Mataki na farko: raba ma'anar gida da ma'anar aiki

Kalmar tana zuwa da ma'anoninta biyu a jarida ɗaya, wani lokaci ma a shafi ɗaya. Abin da zai raba maka su shi ne abin da ya biyo bayanta. Idan ta zo da "that", ko kuma jumla cikakkiya ta biyo ta kai tsaye mai ɗauke da wani abu da ya faru ko zai faru, kamar naɗi, ko murabus, ko tafiya, ko aure, ko sayar da kamfani, to ma'anar aiki ce, wato samun labari. Idan kuwa ta zo da "why" ko "how", musamman cikin korewa irin ta "we cannot understand why", to ma'anar gida ce, kuma galibi a sharhin edita za ka same ta, inda take zama ladabtacciyar hanyar cewa abin da hukuma ta yi bai dace ba. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka cire kalmar ka sa "hear" a gurbinta. Idan jumlar ta tsaya daram, labari ake ba ka.

Akwai kuma sigar da ake soka kalmar a tsakiyar jumla tsakanin waƙafi biyu. Wannan tana da muhimmanci, domin sau da yawa ɓangare ɗaya kawai na labarin take rufewa. Ga jumlar da na ƙirƙira don misali: "The Resident left for Zaria on Monday and will, we understand, proceed on leave." Tashin Razdan ranar Litinin abu ne da jaridar ta faɗa da bakinta ba tare da kariya ba, tafiya hutun kuwa ita ce abin da aka gaya mata. Mai fassarar da ya ɗauko kalmar ya kai ta farkon jumla ya jefa shakku a kan abin da babu shakka a kansa.

Mataki na biyu: gano mai magana

Wakilin sunan da ya zo kafin aikatau yana gaya maka zamanin rubutun da kuma wanda ya ɗauki alhakinsa. "We" murya ce ta jaridar dungurungum, daga lokacin da ba a sa sunan marubuci a kan labari. Jaridar The Times ta Landan, wadda John Walter ya kafa a 1785 da sunan Daily Universal Register kafin ta ɗauki sunanta na yanzu a 1788, ba ta soma sa sunayen wakilanta a kai a kai ba sai a 1967. A ƙananan jaridu kuwa wannan "mu" mutum ɗaya ne rak. Idan Lagos Weekly Record ta ce "we" a shekarun da John Payne Jackson yake riƙe da ita, daga 1891 zuwa rasuwarsa a 1915, to kusan ka ce shi ne yake magana, kuma majiyarsa tana cikin mutanen da yake hulɗa da su a garin, wato 'yan kasuwa, da lauyoyi, da akawunan gwamnati, da shugabannin coci.

"I understand" ta wakili ce da yake aiko da rahoto daga wani gari ko daga majalisa, kuma tana nufin shi da kansa ya ji daga bakin wani. "It is understood" kuwa ta ɓoye kowa, ba a san wanda ya ji ba, ba a san wanda ya faɗa ba, shi ya sa kamfanonin dillancin labarai irin su Reuters, da aka kafa a Landan a 1851, suka fi jin daɗinta, tunda rahotonsu zai fita a jaridu da yawa da ba su da "mu" ɗaya. Ita ma "we are given to understand" ka lura da ita, domin a cikinta jaridar tana ɗan ja da baya, tana nuna cewa wani ne ya so a ji haka.

Mataki na uku: ɗora kalmar a kan tsaninta

A nan aikin yake, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Kalmar ba ta da nauyi ita kaɗai, sai an jera ta da 'yan uwanta da editan yake da su a hannu lokacin da ya zaɓe ta. A ƙasan tsanin akwai "it is rumoured" da "it is said", waɗanda jaridar take kawo zance da su tana kakkaɓe hannunta. Sama da su kaɗan akwai "we hear", wadda ta cika jaridun ƙarni na 18, lokacin da labarai da yawa daga gidajen shan gahawa da wasiƙun fatake suke fitowa. Daga nan sai "we understand", inda jaridar ta sa ƙafa ɗaya a ciki. Sama da ita akwai "we learn" da "we are informed", waɗanda suke nuna an samu bayani takamaimai, galibi daga wanda abin ya shafa ko daga takarda. A can ƙoli kuma akwai "we are authorised to state" da "we are authorised to contradict", inda mai abin ne da kansa ya ba jaridar izinin ta faɗa ko ta ƙaryata a madadinsa.

Wasu sigogin ba a kan tsanin suke ba ko da yake sun yi kama da na kai. "We are requested to state" sanarwa ce da wani ya roƙa a buga, jaridar ba ta auna gaskiyarta ba. "We regret to learn" hanya ce ta buɗe labarin rasuwa ko rashin lafiya, kamar yadda "we are glad to learn" take buɗe labarin ƙarin girma ko samun sauƙi, kuma a cikinsu ladabi ya fi awo yawa.

Sai dai wannan jeri da na kawo tsari ne na gaba ɗaya, kuma a ganina kuskure ne a ɗauke shi a ɗora wa kowace jarida ba tare da gwaji ba. Wani editan yana amfani da "understand" da "learn" ba tare da bambanci ba, don kawai kada ya maimaita kalma ɗaya a labarai uku da ke jere. Wani kuma yana tsantseni ƙwarai, har ma yakan ƙara wa kalmar ƙarfi da "on good authority" idan majiyarsa babba ce. Hanyar da za ka san irin editan da kake hulɗa da shi ita ce ka ɗauki fitowar wata uku ko huɗu a jere, ka karanta shafin ƙananan labaran gari, inda irin waɗannan jumloli suka fi taruwa, ka rubuta kowace siga da irin labarin da ta ɗauko. Kafin ka kai ƙarshen wata na biyu za ka soma jin muryar mutumin, ka san inda yake taka ƙasa da ƙarfi da inda yake sanɗa.

Mataki na huɗu: tara misalai ta hanyar da za ta amsa tambaya

Ka fara da babban ƙamus mai kawo tarihin kalmomi, wato Oxford English Dictionary, wanda bugunsa na farko ya fito kashi-kashi daga 1884 zuwa 1928, kuma yake jera ma'anonin kalma da misalai masu kwanan wata. Zai nuna maka cewa ma'anar samun labari tsohuwa ce a Turanci, ba 'yan jarida ne suka ƙirƙire ta ba, sun dai riƙe ta ne suka mayar da ita kayan aiki.

Daga nan sai taskokin jaridu na intanet. Chronicling America ta ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka, da Trove ta Ostireliya, da Papers Past ta Niyu Zilan duk kyauta ne, kuma biyun nan na ƙarshe suna da amfani na musamman domin jaridunsu salon Ingila suka bi. British Newspaper Archive da taskar The Times sai da kuɗi ko ta hannun ɗakin karatun jami'a. Jaridun Najeriya kuwa, da yawansu har yanzu sai ka je da ƙafarka, ko dai gidajen adana takardun tarihi na ƙasa da ke Ibadan da Kaduna da Inugu, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko ɗakunan karatu na tsofaffin jami'o'i, inda za ka same su a ɗaure cikin manyan kundaye ko a kan faifan da ake haskawa a na'ura.

Wajen nema, kada ka rubuta kalmar ita kaɗai, domin za ta zubo maka abin da ba za ka iya tacewa ba. Ka sa jimlar cikin alamar zance, siga ɗaya bayan ɗaya, ka taƙaita ta ga jarida ɗaya da shekaru goma. Idan kana neman abin da aka buga kafin farkon ƙarni na 19, akwai wani tarko a cikin haruffa. Maɗaba'un lokacin suna amfani da doguwar "s" mai kama da "f" a farko da tsakiyar kalma, The Times ma sai a 1803 ta daina, kuma manhajar da ke karanta hoton shafi tana yawan ɗaukar ta a matsayin "f". Don haka ka nemi "underftand" ma, za ka ga misalan da suka ɓoye sun fito. Kada kuma ka dogara da rubutun da manhajar ta fitar, ka buɗe hoton shafin ka karanta da idonka, domin takarda mai tabo ko tawadar da ta dushe tana iya haɗiye "not" ta juya ma'anar jumla.

Kowane misali ka rubuta masa sunan jarida, da kwanan wata, da shafi, da sashen da ya fito, da jumlar cikakkiya, da wadda ta gabace ta da wadda ta biyo ta. Abu biyu za su iya ɓata maka lissafi. Na farko, yawan sakamako yana bin yawan shafukan da aka saka a taskar ne, saboda haka ƙaruwar adadi daga wani zamani zuwa wani ba hujja ba ce cewa an ƙara amfani da kalmar, sai ka auna ta da wata siga a cikin jaridu ɗaya da shekaru ɗaya. Na biyu, tsofaffin jaridu suna kwafar juna da almakashi. Jaridar ƙaramin gari takan yanko labari daga ta Landan da "we" ɗinsa duka, haka ma jaridun ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka idan jirgin wasiƙu ya iso da jaridun Ingila. Idan ka ga jumla iri ɗaya a wurare da yawa, ka nemi wadda ta fi tsufa, ita ce mai "mu" ɗin, sauran aro suka yi.

Mataki na biyar: bi labarin gaba

Ba za ka san darajar "we understand" a wata jarida ba sai ka ga abin da ya faru da labaran da ta ɗauko. Ka zaɓi misalai ashirin ko talatin, ka bi kowanne a fitowar makonnin da suka biyo baya, ka duba ko an tabbatar, ko an ƙaryata, ko an yi shiru. Idan naɗi ne ko ƙarin girma, ka nemi sanarwar a gazet ɗin gwamnati, wanda a Ingila ya samo asali tun 1665, kuma gwamnatocin mulkin mallaka ma kowace tana da nata.

Kada ka yanke hukunci da wuri. A ranar 4 ga Disamba 1845, The Times, ƙarƙashin editanta John Delane, ta buga cewa gwamnatin Robert Peel za ta nemi soke dokokin harajin shigo da hatsi, ba tare da ta ambaci majiyarta ba. Jaridar Standard ta ƙaryata da kakkausar murya, cikin kwanaki kaɗan kuma Peel ya yi murabus, sai ya zama kamar labarin ya rushe. Kafin watan ya ƙare ya koma kan kujerarsa bayan John Russell ya kasa kafa gwamnati, kuma a watan Yunin 1846 aka soke dokokin. Masana tarihi sun danganta labarin ga Lord Aberdeen, ministan harkokin waje na lokacin. Wanda ya tsaya a fitowar mako ɗaya zai rubuta cewa jaridar ta yi ƙarya.

Mataki na shida: tambayi dalilin ɓoye majiya

Dalili na farko al'ada ce ta siyasa. A tsakiyar shekarun 1880 aka soma ajiye jerin 'yan jaridar da aka yarje wa tsayawa a farfajiyar shiga zauren majalisar dokokin Birtaniya suna zantawa da 'yan majalisa, bisa sharaɗin ba za a danganta zancen ga kowa ba. Wannan tsari ya bunƙasa har ya zama kakakin firayim minista yana ganawa da su a kai a kai, a buga maganarsa ba sunansa, abin da ya sa a 1986 jaridun Independent da Guardian da Scotsman suka ƙaurace wa zaman. Saboda haka idan ka ga "it is understood" a labarin siyasa daga Landan a ƙarni na 20, ka sa a ranka cewa mai yiwuwa gwamnati ce da kanta take magana ta bayan labule, ko don ta gwada yadda jama'a za su karɓi abu, ko don ta samu hanyar janyewa.

Dalili na biyu tsoro ne, na majiya da na edita. A Legas dokar jaridu ta 1903 da dokar hana tunzura jama'a ta 1909 sun sa kowane edita yana auna kalmominsa, kuma akawun da ya fitar da zancen ofis aikinsa ne a kan siraɗi. Amma kada ka ɗauka kalmar garkuwa ce a kotu. A dokar Ingila ta ɓata suna, wanda ya maimaita ƙazafi yana ɗaukar alhakinsa kamar wanda ya fara, ko da ya ce ji ya yi. A 1928 an ɗaure Herbert Macaulay wata shida saboda jita-jitar da jaridarsa Lagos Daily News ta buga cewa ana shirin tarwatsa motar Eleko, sarkin Legas da aka tuɓe. Abin da kalmar take karewa shi ne majiya, da kuma mutuncin jarida a idon mai karatu idan labari ya zo ya sauya.

Mataki na bakwai: fassara

Hausa tana da nata tsanin, kuma ba ta gaza na Turanci matakai ba. Ga "it is rumoured" muna da "ana raɗe-raɗin" ko "ana jita-jitar". Ga "we hear" muna da "mun ji" ko "mun ji ƙishin-ƙishin". Ga "we understand" abin da ya fi dacewa shi ne "mun samu labarin cewa" ko "labari ya iske mu cewa", idan kuma an ƙara "on good authority" sai ka ce "daga majiya mai tushe". "It is understood" tana tafiya da "an samu labarin cewa", domin wannan "an" ta ɓoye mai ji kamar yadda Turancin ya ɓoye. "We are informed" ita ce "an shaida mana", "we are authorised to state" kuwa "an ba mu izinin sanar da cewa".

Ka guji "wai" a nan, domin tana ɗauke da shakku, tana nuna mai magana ya nisanta kansa, alhali editan da ya rubuta "we understand" ya jingina da labarin. Ka guji "mun gano" ma, domin tana nuna an yi bincike an tono, wanda ba lalle ne an yi ba. Ita kuwa "mun fahimci cewa", ko da yake yanzu tana yawan fitowa a labaran Hausa da aka juyo daga Turanci, har kunne ya soma sabawa da ita, ban ga dalilin shigar da ita cikin fassarar tarihi ba, tunda mai karatu zai iya ɗauka jaridar ta yi nazari ne ta kai ga matsaya.

Idan bincikenka ya gangaro zuwa jaridun Najeriya na baya-bayan nan, daga Daily Times da aka kafa a 1926, da West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe a 1937, da Nigerian Citizen da aka soma bugawa a Zariya a 1948, har zuwa New Nigerian da ta fito a Kaduna a farkon 1966 da waɗanda suka biyo bayansu, ka buɗe wani shafi a littafinka don aikatau "gather". A Turancin jaridun ƙasar nan na yau, "it was gathered that" ce take yin mafi yawan aikin da "we understand" take yi a da, kuma gano shekarun da ɗaya ta soma ture ɗaya a wata jarida aiki ne da za ka iya yi da waɗannan matakai. Jaridun Zariya suna da wata fa'ida ta daban, domin Nigerian Citizen da Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta soma fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, gida ɗaya ne yake buga su a wancan lokacin. Idan ka samu labari ɗaya a cikin su biyun a mako ɗaya, ka ajiye shafukan gefe da gefe, ka duba da wace kalma editan Hausa ya buɗe nasa, ka rubuta ta kusa da ta Turancin tare da kwanan watan kowace.